Gurbin Babban Yatsa: Ga Duilio Marzucchi

Ranar Talata, sha huɗu ga watan Oktoba na wannan shekara ta 2025, da hantsi, Allah ya karɓi ran Duilio Marzucchi, maginin tukwanen garinmu Sassalbeto, yana da shekara tamanin da biyu. A ɗakin aikinsa ya cika, zaune a kan kujerarsa, da yumɓu a hannunsa. Ni ban ji daga bakin kowa ba. Washegari da safe na fito sayen burodi na tarar an manna takardar sanarwa a bangon coci, gam ɗin ma bai gama bushewa ba, ga sunansa da manyan baƙaƙe, ga hotonsa da tsohuwar hular nan tasa. Na tsaya na karanta har sau uku. A cikin jakar da ke kafaɗata kuwa akwai wata takardar dabam, wadda na daɗe ina yawo da ita, kuma shi ya kamata in kai wa.

Sunana Isolina Brogi. Shekara arba'in na yi ina haɗa fasassun tukwane a gidan tarihin garin nan kafin in yi ritaya. Duk wanda ya haura hamsin a Sassalbeto ya san abin da ke tsakanina da mamacin, kuma na san akwai masu cewa, wannan matar ba ta da kunya, da wane baki za ta yi masa ta'aziyya? Ban ga laifinsu ba. Ni ce na tsaya a gaban jama'a na ce da shi ɗan jabu, kuma ba gaskiya na faɗa ba. A gaban jama'a na ɓata sunansa, don haka a gaban jama'a zan mayar masa da shi, ko da yake na makara.

Yaya Duilio, bari in kira ka yadda na saba tun ina ƙarama, lokacin da kake zuwa gidanmu wajen abokinka Nedo, yayana, ku cinye mana cuku ku bar mini ɓawon. Kai kuma Lina kake ce mini. Na tuna gwangwanin da kake yawo da shi cike da baƙaƙen tsingaro, waɗanda garmar mahaifinka take tonowa a Tudun Hayaƙi. Sauran samari suna jifan tsuntsaye da su, kai kana tofa musu yawu kana gogewa da gefen riga don ka ga ƙyallinsu. Ka ce mini na Etruskawa ne, mutanen da suka zauna a kan tudun nan tun kafin a haifi Almasihu da ɗaruruwan shekaru, kuma baƙin nan ba fenti ba ne, har cikin jikinsa haka yake. Ka fasa ɗaya ka nuna mini. Na ce to ni ina ruwana, ka ja mini kunne.

Shekara uku ka yi kana ƙona tukwane a banza kafin ka gano yadda Etruskawan suke yi. Mahaifiyarka tana ta faɗa, wai ka ƙarar mata da itace. Daga ƙarshe ka gane cewa idan wuta ta kai matuƙa sai a zuba dusar katako a toshe kowace kafa ta matoya, a hana iska shiga, hayaƙi ya rasa hanyar fita ya shige jikin yumɓu. Ranar da ka fito da kofinka na farko, baƙi wuluk yana sheƙi, ka zagaya da shi gida gida kamar wanda aka yi wa haihuwa. Tun daga nan ranar Alhamis ta zama ranar tuyarka, hayaƙinka yana saukowa ya lulluɓe rufin gidaje, mata suna kwashe shanya suna yi maka Allah ya isa, sannan su zo su sayi tukunyar wake a wajenka.

Ba a yi amarya a garin nan ba ka kai mata tukunyar wake kyauta ba. Da kanka kake kaiwa, a naɗe da tsohuwar jarida, ka ce ta fara jiƙa ta kwana guda, ta shafe cikinta da tafarnuwa, kada kuma ta ɗora ta a babbar wuta, tukunya ba ta son gaggawa, miji ma haka. Matan da ka faɗa wa wannan magana yanzu suna da jikoki, kuma da yawansu tukunyar tana nan.

A ranin 1981 wata jami'a ta turo Farfesa Galgani da ɗalibansa su yi tonon kayan tarihi a kan tudun. Aka ɗauki mazan gari aikin haƙa, kai ma aka ɗauke ka, don ko ido a rufe yatsunka suna bambance tsingaro da dutse. Ni kuwa ina da shekara ashirin da bakwai, na dawo daga karatu a birnin Firenze da takardar digiri da takalma masu tsini, aka ba ni tebur a ajin makarantar firamare in riƙa wanke abin da aka tono ina jerawa. Farfesa yakan ce mini, gaya wa mutanenki su yi kaza. Kalmar nan mutanenki tana ƙona mini rai. Babu abin da nake so a duniya kamar ya manta cewa a nan aka haife ni.

A ƙarƙashin tsohuwar ganuwar dutse suka tarar da toka, da murhu, da ramukan dirkoki guda goma sha huɗu a zagaye, wato gurbin bukka. Abin da kowa yake so ya sani shi ne yaushe aka zauna a cikinta. Idan aka samu tukunya a kan daɓen da ba a taɓa ba, za ta faɗi shekarun bukkar, kuma a san cewa mutane sun zauna a tudunmu tun kafin a gina ganuwa. Garin ya ɗauka. Ana ta maganar za a gyara hanya, baƙi za su zo, samari su daina gudu birni.

Ranar wata Laraba da tsakar rana, kowa ya tafi inuwa cin burodi da wake, kai ka tsaya kana share gefen murhu da burushi. Sai ga kofi a kife, baƙi, mai dogon mariƙi, lafiyarsa lau in ban da ɗan ɓalli a baki. Murna ta ɗebe ka, ka ɗauke shi daga ƙasa kafin a ɗauki hoto, kafin a auna, abin da ba a yi. Ka rugo da shi inuwa a tafin hannu biyu kana kiran Farfesa. Wannan ne kaɗai laifinka, kuma shi ma laifin farin ciki ne.

Aka kawo kofin teburina. Da na wanke shi sai na ga a gindin mariƙin, inda ya haɗu da jiki, akwai wani ɗan gurbi, inda magini ya danna babban yatsansa don ya liƙe su. Na san gurbin nan, yana jikin kowane kofi a madafar mahaifiyata, kuma duk kai ka gina su. Ga siffa iri ɗaya, ga baƙi iri ɗaya, ga shi kai kaɗai ne a wurin lokacin da ya fito. Ko kaɗan bai zo mini a rai ba cewa siffar ta zo ɗaya ne don a wajensu ka koya. A shekarun nan labarin jabu ya cika ko'ina, malamai suna tsoron a yi musu dariya. Na je na gaya wa Farfesa. Ya dube ni ya ce, madalla, Dakta, kina da ido. Ranar ce ya fara kirana Dakta, yadda ake girmama mai digiri a nan, kuma na ji daɗi har cikin ƙashina.

Da a nan na tsaya ma da sauƙi. Amma washegari da safe, a farfajiyar makaranta, gaban ma'aikata kusan ashirin da matan da suka kawo musu abinci, na miƙa maka kofin na ce ka sa babban yatsanka a gurbin. Ka dube ni, ka dubi kofin, ka sa. Ya zauna daram, ba ragi ba ƙari. Wani ya yi fito, sai dariya ta ɓarke.

Ba ka yi fushi ba, abin da ya fi damuna ke nan har yau. A hankali ka ce, “Lina, kin taɓa riƙe ɗanyen yumɓu kuwa?”

Na ce, “A nan Dakta ake ce mini.”

Sai ka ce, “To, Dakta. Kin dai san ƙofata.” Ka ajiye kofin a kan tebur da hannu biyu, ka gyara masa zama don kada ya gangaro, ka ɗauki hularka ka fita.

Farfesa ya rubuta cewa an taɓa daɓen, ba za a iya dogara da shi ba. Ƙarshen wata suka naɗe igiyoyinsu suka tafi, ba su sake dawowa ba. Ba a yi hanya ba, baƙi ba su zo ba, kuma garin ya nemi wanda zai ɗora wa ya same ka. Suka sa maka suna Na-Yatsa. Idan ka wuce ƙofar mashaya sai maza su ɗaga maka babban yatsa ba tare da sun ce uffan ba, har da waɗanda suke cin wake a tukunyarka kullum. Shagunan birni suka daina karɓar kayanka. Wata uwa ta mayar maka da tukunyar ’yarta amarya, ta ce ba ta san me aka haɗa a ciki ba. Matarka Fedora, Allah ya jiƙanta, ta koma tsinkar zaitun a gonakin mutane, kuma har ta mutu ba ta sake amsa gaisuwata ba. ’Yarka Ilva tana da shekara takwas, ta sha ɗagin yatsa a makaranta. Ni kuwa da aka buɗe gidan tarihi aka ba ni aiki, saboda ina da ido.

Da hannuna na rubuta a jikin akwatin kwali, Jabu, aikin zamani. Na sa kofin a ciki, na ɗora shi a saman kanta a bayan kujerata. Shekara arba'in kofin nan yana bayana ina aiki. Ba zan ɓoye ba, ina jin sa a ƙeyata. Wani lokaci ina cikin shafa gam sai in ji kamar akwai mutum a tsaye a bayana yana jira in juyo, ba ya gaggawa, ba ya tafiya. Na sake wa teburin wuri sau biyu, bai hana komai ba.

Kuma kada wani ya ce ban samu dalilin shakka ba. Dubban tsingaro sun bi ta hannuna daga kaburburan wasu garuruwa, inda ba ka taɓa taka ƙafa ba, kuma na sha ganin gurbin nan a gindin mariƙi. Duk ranar da na gan shi sai in kife tsingaron in tashi in dafa kofi in sha. Daga gidana zuwa wurin aiki ta ƙofarka hanya ta fi kusa, amma duk shekarun nan ta bayan coci nake zagayawa, ina hawa matakala sittin, ina gaya wa mutane wai likita ya ce in motsa ƙafa. Tsoro ne da girman kai, ba su da wani suna.

Kai kuwa ba ka bar gari ba, ba ka kuma daina gaishe ni ba. Duk inda muka haɗu sai ka taɓa bakin hula ka ce, barka da rana, Dakta. Na sha lalube a muryarka ko zan ji gori, in samu abin riƙewa, ban taɓa samu ba. Abu ɗaya ka sake: tun daga shekarar nan kowace tukunya ka gina sai ka rubuta sunanka da shekara a gindinta da manyan baƙaƙe. An ce da aka tambaye ka dalili ka ce, don kada Dakta ta wahala.

A shekarar 1994 mahaifiyata tana kwance ciwon ajali, ba abin da take iya ci sai wake da man zaitun, kuma ta rantse ba ya daɗi sai a tukunyarka. Sai tukunyar ta kuɓuce mini ta tarwatse. Ni mai haɗa tukwanen shekara dubu biyu, na zauna a ƙasa ina kuka a kan wadda ba za ta sake ɗaukar wuta ba. Ban san wa ya gaya maka ba. Da safe na buɗe ƙofa na ga sabuwa a kan dakali, a naɗe da jarida, har an riga an jiƙa ta an shafe ta da tafarnuwa. Na kifa ta na ga sunanka da shekara, a ƙasa kuma da ƙananan baƙaƙe ka ƙara, ba ta Etruskawa ba ce. Mahaifiyata ta yi dariya har tari ya sarƙe ta, ita ce dariyarta ta ƙarshe da na ji. Ban je na gode maka ba. Da Nedo ya rasu, kai ka ɗauki gaban akwatinsa har maƙabarta, ni ina bayanka taku biyu na kasa cewa sannu.

Sai kuma tudun. Da masu tono suka tafi suka bar ramukan a buɗe, ruwa da ƙaya za su cinye su cikin damina biyu. Kowace Lahadi bayan an taso daga coci kana ɗaukar lauje ka hau. Ka cika ramukan dirkokin nan goma sha huɗu da yashi, ka rufe kowanne da falalen dutse, ka yi wa murhun rumfa da ragowar kwanon rufi. Mutane suka ce ka taɓu, wasu suka ce wani jabun kake binnewa. Daga tagar ɗakina ina hango ka, ɗan ƙaramin mutum yana hawa a hankali, shekara bayan shekara tafiyar tana ƙara nauyi, har ka koma da sanda.

Sau ɗaya na hau, wata Litinin da rana bayan an ɗauke ruwa, don na tabbata ba ka can. Na tarar da duwatsun a zagaye, an share tsakaninsu tas kamar ɗakin da ake kwana a ciki. A gefen murhu, daidai inda ka ce ka ɗauki kofin, akwai wani kofin naka a kife. Babu iska, babu kukan tsuntsu, sai ɗigar ruwa daga rumfa. Na ji a jikina cewa masu gidan ba su yi nisa ba, yanzu suka tashi daga bakin wuta don sun ji takun baƙuwa, kuma sun san ni ce na ce ba su taɓa zama a nan ba. Na sauko da gudu har na gurɗe ƙafa. Daga baya Ilva ta gaya mini cewa ka ce an ɗauke wa mutane kofinsu an kulle a kwali, ai sai a ba su aro. Ta ce maginin kofin kana kiransa maƙwabcina.

Bana da bazara sabuwar shugabar gidan tarihi, Oriana Pieraccini, ta sauko da akwatuna tana dubawa, ta kira ni in taya ta karanta tsohon rubutuna. Ta buɗe kwalin nan, ta juya kofin a hannunta, ta ce, “Dakta Brogi, wa ya ce wannan jabu ne?” Na ce ni. Ba ta yi musu da ni ba, sai ta aika da shi inda ake gwajin da ke nuna yaushe yumɓu ya shiga wuta. Gwajin nan ba sabo ba ne, amma wa zai gwada abin da aka riga aka yanke wa hukunci? Ranar uku ga Oktoba amsa ta zo. Rabon kofin da wuta kimanin shekara dubu biyu da ɗari shida.

Oriana ta ce mu tashi yanzu mu je mu gaya maka. Na riƙe hannunta na ce a'a, ni zan kai, hakkina ne. Ta ba ni takardar. Kwana goma sha ɗaya, Yaya Duilio! Yau in ce ana ruwa, gobe in ce sai na shirya abin da zan faɗa, jibi in ce bari in sayi kwalbar ruwan inabi mai kyau kada in je hannu banza. Sau uku ina kaiwa kwanar layinku, in ji ƙarar faifan da kake juya yumɓu a kai, in juya. Ranar Asabar muka yi kiciɓis a bakin famfon dandali. Ka taɓa hula ka ce, barka da rana, Dakta. Hannuna yana cikin jaka a kan takardar, ina jin kaifin gefenta. Na ce barka kadai, na wuce. Tir da ni. Ban sake ganinka da rai ba.

Ranar Alhamis aka binne ka. Cocin ya cika, har da masu ɗaga yatsa, sun tsufa sun sunkuyar da kai. Da aka watse na tsayar da Ilva a ƙofar maƙabarta na miƙa mata takardar. Ta karanta, ta ninke, ta mayar mini.

Ta ce, “Ai mu mun sani. Ke kaɗai kike buƙatar takarda. Biyo ni.”

Na bi ta har ɗakin aikinka, ƙofar da na guje wa tun ina budurwa. Komai yana inda ka bar shi, rigar aikinka a ƙusa, tabaranka a kan taga. Kusa da kujerarka akwai wata kujerar ta biyu, a kanta wani abu lulluɓe da jiƙaƙƙen tsumma. Ilva ta yaye. Curin yumɓu ne, bai fi ƙwan agwagwa ba.

Ta ce, “Naki ne. Kullum in zai tashi aiki sai ya gutsuri sabo ya ajiye a nan ya rufe, ya ce na Dakta, ko za ta zo. Tun ina yarinya. Har mukan yi masa tsiya mu ce, Baba, baƙuwarka fa ta yi nawa. Wannan da kansa ya ajiye shi ran Litinin, ni kuma na ci gaba da jiƙa tsumman, ban san dalili ba. Danna yatsanki.”

Na ce, “Ilva, don Allah…”

Ta ce, “Danna, Dakta. Ba ni da lokacin kuka yau.”

Na danna. Sanyinsa ya ratsa ni har kafaɗa, kuma Allah ya sani, a shekara saba'in da ɗaya ranar na fara taɓa ɗanyen yumɓu. Ta ce in tafi, za ta neme ni.

Mako biyu bayan nan, ranar Alhamis da safe, ina shanya sai na ji warin hayaƙin nan yana saukowa kan rufin gidaje. Na bar shanyar na zauna a kan dakali. Na fi minti goma a wurin kafin hankalina ya gaya mini Ilva ce ta kunna matoyarka. Ranar Asabar ta zo har gida, ba ta shigo ba, ta miƙo mini curin daga bakin ƙofa. Ya zama baƙi wuluk, ga gurbina a tsakiya har da zanen fatata. Ta ce in mayar da yatsana.

Bai shiga ba. Na juya shi, na danna, na sake gwadawa da ƙarfi har farcena ya yi fari. Yatsana ne, gurbina ne, mako biyu kacal tsakani, amma ya tsaya a baki.

Ilva ta ce, “Yumɓu yana tsukewa. In ya bushe ya tsuke, in ya sha wuta ya ƙara tsukewa. Babu maginin da yatsansa yake komawa gurbin da ya yi. Na Baba bai taɓa shiga tukunyarsa ko ɗaya ba, a kan teburin cin abinci yake nuna mana. Shigar da ya yi gurbin kofin tudu, ai shaida ce cewa ba shi ya yi ba, mai yin ya fi shi kaurin yatsa. Ke da kanki kika wanke shi a gaban mutane, sannan kika ce ya yi laifi.”

Na san wannan. Yana cikin littafi, na ci jarrabawa a kansa a Firenze. Kaina ya sani, hannuna ne bai sani ba, don ni fasassu na iya, ban taɓa ganin tukunya tana ɗanya ba. Na tambaye ta me ya hana ka faɗa, magana ɗaya ta ishe ka. Ta ce Fedora ta yi roƙo har ta gaji. Ka ce mata wadda ta yi tambaya da hannu, da hannu za a ba ta amsa. Ka kuma ce in ka faɗa a dandali ni za su koma ɗaga wa yatsa, ni kuwa ƙanwar Nedo ce, kuma ban iya wata sana'ar ba.

Haba, Yaya Duilio! Kai ma da taurin kai kake, bari in faɗa maka tunda yanzu ba ka da bakin ramawa. Da ka kunyata ni rana ɗaya, da matarka ba ta ƙare a gonakin mutane ba. Ina jin haushinka, ina jin kunyarka, kuma ina kewarka fiye da yadda na cancanta. Tafiyar minti biyar ce tsakanina da kujerar nan.

Saboda haka ga abin da nake so kowa a Sassalbeto ya ji, da sunana a ƙasa. Duilio Marzucchi bai yi jabu ba. Kofin da ya ɗauko a gefen murhu na mutanen tudun ne, kuma shi ne shaidar cewa an zauna a Tudun Hayaƙi tun kafin ganuwa. Oriana ta ce masu tono za su dawo baɗi, kuma za su samu abin tonawa ne kawai don wani tsoho ya yi shekara arba'in da huɗu yana rufe ramuka da dutse ana yi masa dariya. An fito da kofin daga kwali, yana cikin gilashi, an rubuta sunan wanda ya gano shi. Tsohon kwalin mai rubutuna na roƙa kada a jefar, a ajiye shi kusa, a rubuta nawa sunan.

Jiya ranar tunawa da matattu kowa ya kai furanni maƙabarta. Ni curin na kai, na ajiye a gefen dutsenka, sai kuma na kasa barinsa na dawo da shi. Yana nan a gabana ina wannan rubutu, kuma na kama kaina ina gwada yatsa a kai sau da yawa.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Ilva, wadda na cuta tun tana ’yar shekara takwas kuma ban nemi ta yafe mini da wuri ba, ga mijinta da ’ya'yanta, ga dangin Marzucchi duka, da kowace mace a garin nan da ke da tukunyar wake mai suna a gindi. Allah ya ba ku haƙuri, ya cike muku gurbin da ya bari. Shi kuma Allah ya yi masa rahama, ya gafarta masa kurakuransa, ya haskaka makwancinsa, ya sada shi da Fedora da Nedo cikin salama. Idan rahamar Ubangiji ta kai har ga mutanen da suka zauna a tudun nan ba su bar mana suna ba, kuma na yi imani ta kai, to Allah ya haɗa shi da maƙwabcinsa mai kaurin yatsa, su gaisa. Ni kuma Allah ya yafe mini abin da ban roƙa a wajen mai shi ba yana da rai.

Allah ya jiƙanka, Yaya Duilio. Na zo ƙofarka, na riƙe yumɓun. Lina ce.

Isolina Brogi
Sassalbeto, 3 ga Nuwamba, 2025